Kan Shafi: Shawarwari Ga Mai Buga Littafin Na'urorin Gida

Littafin bayanin da ke zuwa cikin kwalin janareto, inbata ko famfon burtsatse ba kasafai yake shekara a gida ba. Ko yara su yage shi, ko baƙin mai ya jiƙe shi. Shi ya sa wasu ke sauko da shi daga intanet su kai shagon kwamfuta a buga, wasu kuma su rubuta nasu da Hausa don mutanen gida. In za ka yi haka, kula da ɗan layin nan na can sama, wato kan shafi. Ranar da takarda ta ɓalle daga 'yan'uwanta, shi kaɗai zai faɗi inda ta fito.

1. Sa sunan na'urar da lambar samfurinta. "Janareto" kawai bai wadatar ba, balle a gidan da ke da ƙarami da babba. Lambar tana jikin injin, a kan sitika ko ɗan farantin ƙarfe. Kwafe ta harafi da harafi, domin ita mai sayar da kayan gyara zai fara tambayar yaron da ka aika, kuma filogin wani samfurin ba lallai ya shiga wani ba.

2. Lambar shafi ta zauna a kusurwar waje, nesa da wurin ɗinki. In gaba da baya za a buga, shafi na 1, 3, 5 suna faɗowa a dama, na 2, 4, 6 a hagu, kuma Microsoft Word na da zaɓin da ke ba kowane ɓangare nasa kan shafin. Rubuta "3 cikin 12" ya fi "3" tsurarsa, don a san in wani ya ɓata.

3. In littafin a ɗinke yake, raba aikin: shafin hagu ya ɗauki sunan na'ura, na dama sunan sashe, kamar "Canjin baƙin mai" ko "In ya ƙi tashi". Mai nema da daddare, fitilar waya a hannu ɗaya, babban yatsa na kaɗa takardu, wannan yake dubawa.

4. Bar fili. Takardar A4 faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297. Bar santimita 2.5 a sama, kan shafin ya zauna a tsakiyar filin. Yawancin firintoci ba sa bugawa har bakin takarda, injin fotokwafi kuwa gwanin cinye gefe ne. Ƙara santimita 1 a ɓangaren da za a huda.

5. Rubutun kan shafin ya fi na cikin shafi ƙanƙanta, girman 9 ko 10, da siririn layi a ƙasansa. Baƙin zane mai farin rubutu a ciki kwalliya ce kawai: yana shan tawada, a kwafi na biyu kuma ya dagule.

6. Sa wata da shekarar bugu, don tsohon shafi kada ya cakuɗe da wanda aka gyara.

7. Kada ka ɗora gargaɗi a kan shafi. Bayan shafi biyu ko uku ido ya saba da layin, ya daina karanta shi. Maganar cewa ba a kunna janareto a cikin ɗaki ko rufaffen zaure, saboda iskar guba marar wari da ke cikin hayaƙinsa tana kisa, wurinta tsakiyar shafi ne, da manyan haruffa, dab da inda aka ce a ja igiya.