Haƙora 40 da 44: Lissafin Sauke Motar Beetle

Ɗalibin da ya leƙa ƙarƙashin tsohuwar Volkswagen Beetle, motar nan mai inji a baya wanda iska ke sanyayawa, wadda aka soma harhaɗawa a Legas a 1975, ba zai ga sifirin mai naɗi ba. Sandunan ƙarfe biyu ne kwance a gicciye suke ɗauke da nauyin bayanta. Idan taya ta hau tudu sai sanda ta murɗe, sa'an nan ta warware.

Kowace sanda tana da haƙora 40 a kanta na ciki, 44 a na waje. Raba 360 gida 40, ka sami digiri 9. Raba ta gida 44, ka sami kusan 8.2. Saboda haka idan bakanike ya juya haƙori ɗaya a ciki, ya komar da ɗaya baya a waje, abin da ya sauya digiri 0.8 ne kacal. Da wannan ɗan bambanci ake sauke motar sannu a hankali, kuma wajibi ne hagu da dama su yi daidai.

Amma fa a unguwa irin Romi ta Kaduna, inda damina ke zaizaye hanyoyi, motar da aka sauke ainun ƙasan injinta zai riƙa bugun ƙasa, tayoyin baya kuma su karkata, su cinye ta gefen ciki.