Tsoka, Zuciya da Wayar Caji: Yadda Ake Cire Motar Lantarki Daga Tasha

Jikin ɗan Adam da lantarki yake aiki. Saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa tsoka ta hanyar jijiya lantarki ne, haka nan bugun zuciya yakan faro ne daga wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta da ke ɗakin sama na dama na zuciyar. Tun a 1791 Luigi Galvani, masanin jiki na birnin Bolonya a Italiya, ya wallafa bincikensa a kan yadda ƙafar mataccen kwaɗo ke harbawa idan lantarki ya taɓa jijiyarta. Abin lura shi ne, tsoka ba ta bambance umarnin ƙwaƙwalwa da wutar da ta shigo daga waje. Wanda ya fi ƙarfi shi take bi.

Ana auna yawan wutar da ke gudana da amfiya, kuma miliamfiya 1,000 ne amfiya ɗaya. Da irin wutar gida, mutum kan fara jin tsikari a wajen miliamfiya 1. Da ta kai 10 zuwa 20 sai hannu ya ƙi sakin waya, domin tsokokin da ke dunƙule yatsu sun fi masu buɗe su ƙarfi. Wannan ne ainihin abin da jama'a ke nufi da cewa wuta ta kama mutum. Miliamfiya 100 kuwa, idan ta ratsa ƙirji, tana iya rikita zuciya ta koma makyarkyata maimakon bugu, jini ya daina zuwa ƙwaƙwalwa.

To, a gwada waɗannan alkaluma da tashar caji mai sauri. Batirin yawancin motocin lantarki yana da ƙarfin bolt 400, wasu ma 800. Tasha mai kilowat 50 kan tura masa kimanin amfiya 125, watau fiye da ninki 1,000 na abin da ke tsayar da zuciya. Busasshiyar fata garkuwa ce gwargwadon hali, amma gumi kan rage turjiyar jiki zuwa wajen om 1,000. Ɗalibi na iya raba 400 da 1,000 ya ga abin da zai ratsa jiƙaƙƙen hannu. Batun kuwa bai yi nisa da gida ba, domin a 2021 an buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato.

Injiniyoyi ba su bar wa tsautsayi ƙofa a buɗe ba. Ƙafafun fulogin ba tsawonsu ɗaya ba: ta ƙasa ita ce mafi tsawo, ita ke fara shiga kuma ita ke fita a ƙarshe, ta sigina kuwa gajera ce, da ta rabu sai tasha ta yanke wuta. Ga kuma sakata da ke kulle fulogi a jikin mota muddin caji na tafiya. Dalilin sakatar yana da ban sha'awa. Wutar gida mai kai-komo ce, tana sauka zuwa sifili sau 100 a daƙiƙa, saboda haka tartsatsinta kan mutu da kansa. Ta caji mai sauri miƙaƙƙiya ce, ba ta da wannan hutu. Idan aka raba ƙarfe biyu tana gudana, sai ta tsallaka iska da harshen wuta irin na mai walda, ta ƙone fata, ta lahanta ido.

Saboda haka aikin direba shi ne ya bi tsarin, kada ya yi kokawa da shi. Da farko zai tsayar da caji ta allon tasha, ko da kati, ko ta wayar hannu. Sa'an nan ya buɗe makullin motar, ya dakata har fitila ta nuna an gama, ya kuma ji ƙarar sakin sakata. Sai ya kama marikin fulogi, ba wayar ba, ya zaro shi a miƙe ba tare da murɗawa ba, ya rufe murfi, ya mayar da wayar mazauninta kada bakinta ya kwanta cikin ƙura ko ruwa. Idan wayar tasa ce, yakan fara cirewa daga mota, sa'an nan daga tasha. Yayyafi ba ya hana wannan aiki, amma tsagaggiyar waya, ko ƙaurin roba, ko ruwa da ya kwanta a gindin tasha, dalili ne na ja da baya a kira masu tashar. Jan maɓallin gaggawa kuwa na hayaƙi da gobara ne, ba na mai gajen haƙuri ba.

Wani lokaci fulogi kan maƙale. Sau da yawa kulle mota da sake buɗe ta ya isa, ko a ɗan tura fulogin ciki domin nauyin waya ya sauka daga kan sakata. In ya ƙi, motoci da dama suna da wata igiya ta sakin sakata da hannu, a cikin but ko ƙarƙashin bonet, kuma littafin motar yana nuna wurinta. Ba a taɓa wannan igiya sai allo ya tabbatar caji ya tsaya.