TRITON: BABUR DA AKA HAƊA DAGA BABURA BIYU

Darasinmu na wannan makon a kan babur ne, wani irin babur da babu kamfanin da ya fara ƙera shi. Matasan ƙasar Ingila ne suka riƙa haɗa shi da hannunsu a shekarun 1950 da 1960. Sunansa Triton.

Mu fara sanin sassan babur

Babur yana da manyan sassa biyu. Na farko shi ne inji, wanda yake ƙona fetur ya ba da ƙarfin tafiya. Na biyu shi ne firam, wato ƙarafan da suke riƙe da inji da tayoyi da tanki da wurin zama. Firam kamar ƙashi yake a jikin mutum. Idan inji yana da ƙarfi amma firam ba shi da kyau, babur zai riƙa rawa a kan hanya, musamman a kwana. Idan kuma firam yana da kyau amma inji ba ƙarfi, babur ba zai yi gudu ba.

Ana auna girman inji da cc, wato faɗin cikin silinda inda fistin yake hawa da sauka. Kamar yadda muka koya a lissafi, cc 1000 daidai yake da lita ɗaya. Yawancin baburan achaɓa da muke gani ba su wuce cc 100 zuwa 150 ba. Injin da aka fi sa wa Triton kuwa cc 650 ne.

Yadda abin ya faro

A lokacin akwai manyan kamfanonin babur a Ingila, irin su Norton da Triumph da BSA. Wani mutum mai suna Rex McCandless, ɗan birnin Belfast, ya ƙera wa Norton sabon firam na bututun ƙarfe, mai shokozoba biyu a baya. A shekarar 1950 Geoff Duke ya ci babban tseren tsibirin Man da babur mai wannan firam. Sunan firam ɗin Featherbed, ma'anarsa katifar gashin tsuntsu, saboda wani mai tsere da ya gwada shi ya kwatanta daɗin hawansa da irin wannan katifa.

Shi kuma Triumph ya yi suna ne wajen inji mai silinda biyu. Injinsa yana da sauƙin gyara, ana iya ƙara masa ƙarfi, kuma kayansa ba sa wuyar samu. A 1959 ya fito da samfurin Bonneville mai cc 650.

Sai matasa suka yi tunani: me zai hana a ɗauki firam ɗin Norton a sa masa injin Triumph? Abin da ya ƙara taimaka musu shi ne, masu tseren ƙananan motoci suna sayen baburan tsere na Norton su cire injin su sa a mota, su bar firam babu inji. Da aka haɗa biyun, sai aka yanko "Tri" daga Triumph da "ton" daga Norton, aka samu Triton. Akwai kuma Tribsa, injin Triumph a firam ɗin BSA, da Norvin, injin Vincent a firam ɗin Norton.

Waɗannan matasa suna taruwa a shagunan shan shayi na bakin hanya, kamar Ace Cafe da ke Landan. Burinsu babur ya kai mil 100 a awa, wato kusan kilomita 160. Wannan ya fi nisan Kano zuwa Zariya. A 1965 wani makaniki mai suna Dave Degens da abokin tuƙinsa suka ci tseren awa 24 na birnin Barselona da Triton.

Matakan haɗawa

1. Dubawa. Ana wanke firam a duba ko ya lanƙwashe ko ya tsage. Firam ɗin da ya karkace ba zai taɓa tafiya daidai ba.

2. Awo. Ramukan noti na injin Triumph ba su dace da na firam ɗin Norton ba. Saboda haka ana yanka faifan ƙarfe masu kauri, a huda su, gefe ɗaya ya kama inji, ɗayan ya kama firam. Makanikai da yawa suna fara yanka siffar a kwali kafin su taɓa ƙarfe.

3. Daidaita sarƙa. Nan ne aikin ya fi wuya. Dole haƙoran da sarƙa take hawa a gaba su yi layi ɗaya da na tayar baya. Idan suka kauce ko kaɗan, sarƙa za ta ci haƙoran, kuma tana iya zamewa ana cikin gudu. A tsofaffin injinan Triumph, inji daban yake giyabos daban, don haka abubuwa uku ne za a jera a layi.

4. Nauyi. Idan aka ɗaga inji sama da yawa ko aka tura shi baya, babur zai yi wuyar juyawa.

5. Sauran haɗi. Sai a gyara salansa da bututun mai da wayoyin wuta su dace da sabon wurinsu. Injin Triumph yana girgiza sosai, shi ya sa ake yawan duba notuna kada su kwance.

6. Birki. Duk wanda ya ƙara wa babur gudu dole ya ƙara masa ƙarfin birki. Wanda ya manta da wannan yana wasa da ransa da na mutanen da ke kan hanya.

Abin lura

Makanikanmu ma suna canza wa babur inji idan tsohon ya mutu, kuma ƙa'idojin nan duk sun shafe su. Akwai kuma batun doka. Kowane inji da kowane firam yana da lambarsa, kuma ana rubuta su a takardun babur. Wanda ya sayi inji mai araha ba tare da rasiti ba, yana iya sayen kayan sata bai sani ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Gudun da matasan Ingila suka riƙa yi a kan titin jama'a ba abin koyi ba ne, domin wasunsu sun rasa rayukansu. Abin koyi shi ne basirarsu. Sun yi amfani da awo da lissafi da zane, irin waɗanda ake koya mana a darasin fasaha. Don haka 'yan uwa, mu daina gudun wannan darasi.

Tambayoyi

1. Daga waɗanne sunaye aka samo kalmar Triton?
2. Inji mai cc 500 lita nawa ke nan?
3. Me zai faru idan sarƙa ba ta yi layi ɗaya ba?

A kai amsa ga 'yan ƙungiyar jarida kafin ranar Juma'a.