Yadda ake shayin ɓawon lemo da kayan ƙamshi

Da hunturu ya kama, lemo ke cika gari. Manyan motoci na tahowa da shi daga Binuwai, su sauke a Kasuwar 'Yan Lemo da ke kan titin Zariya a Kano, daga nan ya bazu zuwa baro da faranti a kowace unguwa. Wanda ya tsaya gaban mai lemo zai ga aikin hannu: 'yar wuƙa mai kaifi a dama, lemo na juyawa a hagu, ɓawo na sauka siriri, a murɗe, bai tsinke ba. Kafin la'asar ya taru tuli a ƙasa, awaki su ci rabonsu, sauran a share. Abin takaici ne, domin ƙamshin lemo a wannan siririn ɓawon yake, kuma da shi ake shayi mai ɗumama jiki a safiyar sanyi, ba tare da ganyen shayi ko ɗaya ba.

Ɓawon lemo hawa biyu ne. Na waje, mai launi, cike yake da ƙananan ramuka masu ɗauke da mai. Duk yaron da ya taɓa matse ɓawo kusa da idon abokinsa ya san da wannan man. Sama da kashi 90 cikin 100 na man lemon zaƙi sinadari ɗaya ne, limonen, kuma zafi na saurin korarsa cikin tururi. Hawa na biyu shi ne farar fatar da ke ƙarƙashi, mai laushi, wadda ba ta da ƙamshi sai ɗaci. Aikin duka a nan ya tsaya: a ɗauki na sama, a bar na ƙasa, kuma kada a bari wuta ta cinye abin da aka ɗauka. Mai lemo ya riga ya iya rabin aikin, domin yana barin farar fatar a jikin lemon don mai sha ya samu abin riƙewa yana matsawa.

Wajen saye, lemon gida ya fi. Kada korensa ya ruɗi kowa. A ƙasashe masu zafi lemo kan nuna ciki ya yi zaƙi alhali bayansa kore ne, saboda sanyin dare ne ke juya launin. Masu sheƙin nan da ake shigowa da su daga Masar da Afirka ta Kudu galibi an shafe su da kakin da ke hana su bushewa da maganin ruɓa, don haka ɓawonsu bai dace da tukunya ba. Ko na gidan ma sai an wanke shi da ruwan ɗumi, a dirje da hannu sosai, a goge, sannan a fere. Wanda aka fere a bakin titi ya sha ƙura, gara a sayo lemon da ɓawonsa a yi aikin a gida.

Ga lita 1 ta ruwa, wadda za ta ba da kofi 4, ana bukatar ɓawon lemon zaƙi 2, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, kanumfari 4, sandar kirfa 1 da ƙwayar masoro 3 ko 4. Cittar Kudancin Kaduna, ta wajen Kaciya da Kafancan, ta yi suna wajen yaji, kuma da cuta ta afka wa gonakinta a 2023 ta yi tsada, amma kaɗan ma ta isa. Idan busasshiya ce a rage, domin ta fi ɗanya ƙarfi. Kanumfari kuwa ba ya son a yi masa yawa. Aka zuba goma, to shayin ya zama nasa shi kaɗai, harshe ya yi nauyi, ba a ƙara jin lemo.

Kayan ƙamshin ne ke fara shiga. A daddaka cittar sama-sama, a fasa masoron, a zuba su cikin ruwan sanyi tare da kirfa da kanumfari, a ɗora a wuta. Idan ya tafasa a rage wutar, a bar shi yana ɓararraka a hankali minti 10. Su masu tauri ne, ba sa sakin abin da ke cikinsu sai sun ji wuta. Za a ga ruwan ya soma yin ja, ƙamshin kirfa ya cika kicin.

Sai ɓawon. A nan ne yawancin masu gwadawa ke ɓata shayinsu, domin sukan zuba komai lokaci guda su bar shi yana tafasa rabin awa, ƙamshin ya tafi cikin iska, ɗacin ya zauna a tukunya. Abin da ya dace shi ne a murza ɓawon tsakanin yatsu a kan tukunyar har man ya fantsama a kan ruwan, a jefa shi ciki, a rufe da murfi nan take, a kashe wutar bayan minti 2. A bar shi a rufe minti 5 zuwa 7. Da an ɗaga murfin, ɗigon ruwan da ya taru a ƙarƙashinsa a karkata shi ya koma ciki, don ƙamshi ne tsantsa. A tace da rariya. Idan a fulas za a zuba, kada ɓawon ya bi shi, in ba haka ba kafin azahar ya yi ɗaci.

Zaƙi da tsami a kofi ake sa su. Zuma na tafiya da shi, amma mazarƙwaila irin ta ƙasar Maƙarfi ta fi dacewa da kirfa, tana ba shi wani ɗanɗano mai zurfi da farin sukari ba ya bayarwa. Matsin lemon tsami kaɗan a ƙarshe na tayar da shi. Mai so ya jefa ganyen na'a-na'a biyu ko uku.

Shayi ne, ba magani ba. Gaskiya ne ɓawon lemo ya fi tsokarsa bitamin C, amma zafi na lalata wani kaso, kuma kofi ɗaya ba ya warkar da mura. Abin da yake yi shi ne ya tausasa maƙogwaron da ƙurar hunturu ta busar. Mai fama da olsa ya rage citta da tsami. Mai shan maganin hawan jini ko na rage kitse a jini ya guji yin shayin da ɓawon garehul, domin yana canza yadda wasu daga cikin waɗannan magunguna ke aiki a jiki. Jaririn da bai cika shekara 1 ba kuma ba a ba shi zuma ko kaɗan.

Ɓawon na ajiyuwa. A yankin Xinhui na lardin Guangdong a ƙasar Sin, busasshen ɓawon tanjarin sana'a ce babba, ana ajiye shi aƙalla shekara 3 kafin a sayar, kuma tsohon ya fi sabon tsada. A gida ba a bukatar wannan jira. A shanya shi a kan faifai a inuwa inda iska ke ratsawa, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙura. Iskar hunturu na busar da shi cikin 'yan kwanaki. Idan aka lanƙwasa ya karye ƙas, ya yi; idan ya lanƙwasu, da saura. A zuba a kwalba mai murfi, nesa da rana da murhu. Babban cokali 2 na busasshen sun isa lita 1, kuma shi yana jure wuta fiye da ɗanye, ana iya sa shi minti 5 kafin a sauke. Idan damina ta shigo a riƙa duba kwalbar, wanda ya ga alamar fumfuna ya zubar da shi gaba ɗaya.