Amsoshin Tambayoyinku: Su wane ne samarin nan masu farar riga da baƙin allo a ƙirji?

Tambayar wannan mako daga wani mai karatunmu ɗan Gazawa, cikin jihar Maraɗi, ta fito. Ya ce yana zuwa ci-rani birnin Accra, inda yake sana'ar shayi, kuma kullum yana ganin wasu samari bibbiyu, fararen riguna, zariyar wuya, kowa da ɗan baƙin allo mai ɗauke da sunansa a ƙirji. Ran nan suka tsaya suka gaisa, ya zuba musu shayi kyauta, suka yi godiya suka ƙi sha. Aka ce masa ƴan Mormon ne. Yana so ya san su wane ne, wa ke biyan su, ko su ne ƴan mishan ɗin nan na Tsibiri da iyayenmu ke ba da labari, da kuma abin da ya sa ya ga ƴan matansu a bidiyo suna zagayawa da baƙi a wani katafaren gini a Amurka.

Madalla da wannan tambaya, ɗana. Ka haɗa abubuwa da yawa a ƙulli ɗaya, bari mu kwance su sannu a hankali.

Mormon laƙabi ne kawai. Sunan da suka ba kansu yana da tsawo, ma'anarsa Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, kuma a 2018 shugabansu na lokacin, Russell M. Nelson, ya roƙi jama'a su daina kiran su da laƙabin. Wani matashi mai suna Joseph Smith ne ya kafa cocin ranar 6 ga Afrilu 1830 a jihar New York. Ya ce mala'ika ya nuna masa wasu alluna na zinariya da aka binne a tudu, ya fassara rubutun da ke jikinsu, shi ne Littafin Mormon, wanda suke karantawa tare da Baibul. Mutanen yankin ba su karɓe su ba, aka yi ta korar su daga wannan gari zuwa wancan, har wasu gungun mutane suka kashe Smith a gidan yari a garin Carthage a 1844. Magajinsa, Brigham Young, ya ja jama'a suka nausa yamma da kekunan shanu, suka sauka a kwarin Salt Lake a 1847. A nan hedikwatarsu take har gobe, cikin jihar Utah, kuma mabiyansu a duniya sun haura miliyan 17.

Suna kiran kansu Kirista, amma sun sha bamban da sauran. Sun ɗauki Joseph Smith annabi, haka ma duk wanda ya hau kujerar shugabancin cocin bayansa. Musulmi ya san inda ya rabu da wannan magana, tunda a wurinsa an rufe annabci da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Kiristoci da dama ma ba su yarda da su ba, har fadar Fafaroma ta bayyana a 2001 cewa ba ta amince da baftismarsu ba, wato wankan shiga addini.

To, batun Tsibiri. A'a, ba su ba ne, kodayake ba laifinka ba ne da ka haɗa su, tunda a bakin mutanenmu duk baƙon da ya zo da littafi ɗan mishan ne. Waɗanda suka zauna a Tsibiri, cikin ƙasar Gobir, ƴan wata ƙungiya ce da ake kira SIM. Mutum uku ne suka fara ta, suka sauka Legas a 1893 da niyyar shiga ƙasar Hausa. Biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, cuta ta kashe su cikin shekara guda, Rowland Bingham kaɗai ya tsira. Ƙungiyar ta iso Damagaram a 1924, sannan kafin 1930 ta kafa tasha a Tsibiri, wadda yau take cikin gundumar Gidan Rumji. Daga wannan aiki ne asibitin Galmi ya fito a 1950, da asibitin kutare na Danja kusa da Maraɗi, da makarantar koyon Baibul ta Agye, da cocin da ake kira EERN. Ko sassaben zamani da manoman Ɗan Saga suka yi suna da shi, wato barin tohon itace a gona ana gyara shi maimakon a sare, akwai hannun wani ma'aikacin SIM a yaɗa shi, mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya duƙufa a kai tun 1983.

Ka lura da irin wannan zama. Mutum ya zo da iyalinsa, ya koyi Hausa har ya iya karin magana, ya gina ɗakin magani, ya shekara ashirin ko talatin, wani ma a nan za a binne shi. Samarin da ka gani a Accra tsarinsu daban ne ƙwarai. Nasu aiki na ɗan lokaci ne, na ƙuruciya, kuma kusan dukansa magana ce da mutane. Idan kana neman abin da ya fi kama da su a wurinmu, dubi ƴan Tablig masu fita kwana 40 ko wata 4 da guzurinsu, su dawo su ci gaba da sana'arsu. Bambancin shi ne na Mormon ya fi daɗewa, kuma komai a rubuce yake.

Saurayi yana yin shekara 2, budurwa wata 18. A 2012 aka rage shekarun fita zuwa 18 ga maza, 19 ga mata, sai yawansu ya ƙaru sosai, kuma a kowane lokaci akwai dubban gommai a bakin aiki. Mai son fita zai cika takardu, shugaban cocin unguwarsu ya gana da shi, likita ya duba lafiyarsa, a aika Salt Lake. Ba shi ke zaɓen inda za a tura shi ba. Saƙo ne zai zo, dangi su taru a buɗe shi, a ji ko Brazil ce, ko Filifin, ko Gana. Daga nan sai makarantar horo ta ƴan makonni, wadda takan kai wata biyu idan zai koyi sabon harshe. Mafi girma tana garin Provo a Utah, akwai kuma wata a nan Accra inda kake.

Wa ke biyan su? Ba wanda ke ba su albashi. Su ne ma suke biya. Yaro yakan yi aiki ya tara kuɗi tun yana makarantar sakandare, iyaye su cika, a riƙa zuba wani adadi kowane wata cikin asusu ɗaya, daga nan ake biya musu haya da abinci. Wanda gidansu ba hali, jama'ar cocinsu da babban asusun su tallafa masa. Ka san kuma mabiyan wannan coci suna fitar da kashi 10 cikin 100 na abin da suke samu, shi ya sa aljihun cocin yake da nauyi.

Tafiyar bibbiyu doka ce. Ba a yarda ɗaya ya rabu da abokinsa ba, ɗaki ɗaya suke kwana, tare suke cefane, kuma ba su suka zaɓi juna ba. Bayan kowane mako 6 ana iya sauya wa mutum gari ko aboki. Galibi sukan tashi ƙarfe 6:30 na safe, su yi addu'a da motsa jiki da karatu, sannan su fita har dare. Ba neman aure, ba kallon fim, ba zuwa gida hutu. Rana ɗaya a mako ake ba su don wanki da sayayya. A da sau biyu kacal a shekara suke kiran iyayensu ta waya, sai a 2019 aka sassauta ya zama kowane mako. Kalmar Elder da ke allon ƙirjin maza muƙami ne na coci, ba shekaru take nufi ba, matan kuma Sister ake rubuta musu. Ni dai, ko ban yarda da saƙon mutum ba, yaro ɗan shekara 19 da ya bar gida, ana rufe masa ƙofa a fuska daga safe har yamma, gobe kuma ya sake goge takalminsa ya fita, ba zan raina juriyarsa ba.

Shayin da suka ƙi sha kuwa, kada ka sa shi a zuciya. Ba ƙyama ba ce, ba kuma tsoron sammu ba. Suna da wata ƙa'ida tun 1833 da ta hana su giya da taba da gahawa da ganyen shayi. A ƙasar da ake dafa shayi hawa uku, daga mai ɗaci zuwa mai zaƙi, ƙin karɓar kofi yana da nauyi, na sani, amma ko a gidan ubansu haka za su yi. Ka ba su ruwan sanyi ko madara ko zoɓo, za ka ga sun karɓa hannu biyu.

Yanzu ga ginin da ka gani a bidiyo. Filin Haikali ne da ke tsakiyar birnin Salt Lake. Haikalin kansa na dutse ne, an shekara 40 ana gina shi, daga 1853 zuwa 1893. A can aikin ya juya: maimakon mai wa'azi ya bi gida gida, baƙi ne ke zuwa da ƙafarsu, masu yawon buɗe ido daga ko'ina. Ƴan mata ake sawa su tarbe su, bibbiyu su ma, an tattaro su daga ƙasashe da yawa, kowace da ƴar tutar ƙasarta a ƙarƙashin allon sunanta, don baƙo ya hango wadda ke jin harshensa. Za su yi maka maraba, su tambaye ka daga ina, su zagaya da kai kyauta. Za su shigar da kai tsohon zauren taro mai rufi kamar kifaffiyar ƙwarya, inda mashahuriyar ƙungiyar mawaƙansu ta yi suna, ɗaya ta tsaya can gaba ta saki allura a kan tebur, kai kana can baya ka ji ƙarar faɗuwarta. Cikin labarin gini da na hijirar kakanninsu sai su sako abin da suka yi imani da shi, a ƙarshe su tambaya ko kana son littafi, ko a turo maka ƴan'uwansu a garinku. In ka ce a'a, sai su yi godiya. Abin da ba za su yi ba shi ne shigar da kai cikin haikalin, don bayan an keɓe shi, sai mabiyi mai takardar izini ke shiga. Ɗakunan ibadarsu na ranar Lahadi kuwa a buɗe suke ga kowa.

Za ka ji ana cewa ƴan Mormon masu tara mata ne. An yi haka a zamanin Brigham Young, amma cocin ya sanar da dainawa a 1890, kuma yau duk wanda ya ƙara ta biyu korar sa ake yi. Masu yi har yanzu wasu ƙananan ƙungiyoyi ne da suka ɓalle.

Akwai kuma wani tarihi da ya kamata ɗan Afirka ya sani. Fiye da shekara 100 cocin ya hana baƙar fata muƙamin limanci da shiga haikali, sai a watan Yuni 1978, zamanin shugaba Spencer W. Kimball, aka janye hanin. Kafin nan wasu mutane a kudancin Najeriya da Gana sun samu littattafan, sun kafa jama'o'insu da kansu, suna ta rubuta wasiƙu Amurka a turo musu malamai. A watan Nuwamba na shekarar aka yi wa wani malamin makaranta, Anthony Obinna, baftisma a ƙasar Ibo. Gwamnatin Rawlings ta dakatar da ayyukan cocin a Gana daga 1989 zuwa 1990, amma daga baya aka buɗe haikalin Accra a 2004, na Aba da ke Najeriya a 2005. Mabiyansu a Najeriya sun wuce dubu 200, mafi yawa a kudu. Shi ya sa da yawa daga cikin masu farar rigar da ke yawo a Accra da Abidjan da Legas yanzu ƴan Afirka ne, ƴan Gana da Najeriya da Kwango, waɗanda za su gama shekara biyunsu su koma makaranta ko kasuwa.