Yadda Ake Kare Tumatirin Gida Daga Cutar Ƙunar Ganye

Duk wanda ya taɓa dasa tumatir a bayan ɗaki da damina ya san yadda abin yake faruwa. Shuka ta yi kyau, ta yi fure, 'ya'ya sun fara fitowa, sai ruwan watan Agusta ya kankama. Cikin 'yan kwanaki ganyen ƙasa ya fara rawaya, tabo ya bayyana, ya yi ta hawa sama har kara ya tsaya tsirara, 'ya'yan kuma rana ta gasa su. Wannan ita ce cutar ƙunar ganye, kuma tana cikin dalilan da ke sa tumatirin damina wahalar samu.

Abin da ya kamata mai lambu ya riƙe tun farko shi ne cewa ƙwayar wannan cuta ba ta iya shiga busasshen ganye. Sai ganye ya jiƙe ya daɗe a jiƙe take tsira ta huda shi. Ganyen da ya riga ya kamu kuwa ba ya warkewa, ko da wane irin magani aka fesa masa. Don haka aikin duka ya tattara ne a kan hana ganye kwana da ruwa, da raba shi da ƙasa, da saurin cire wanda ya kamu.

Mataki na 1: A gane cutar tukuna

Ƙunar ganye iri biyu ce, kuma maganinsu bai zama ɗaya ba.

Ta farko ita ce mai zobe, wadda wani nau'in fumfuna da masana ke kira Alternaria ke haddasawa. Ita aka fi gani a ƙasar Hausa, domin tana son ɗumi da laima, zafin da ya kama daga digiri 24 zuwa 29. Daga tsofaffin ganyen ƙasa take farawa. A tsinko ganye ɗaya a ɗaga shi ga haske: za a ga tabo ruwan ƙasa, a cikinsa zobe a cikin zobe, kewaye da shi kuma rawaya. A jikin ɗan tumatir tana kama wajen da yake maƙale da reshe, wurin ya yi baƙi ya lotsa. Tafiyarta a hankali take, makonni take ɗauka kafin ta cinye shuka.

Ta biyu ita ce mai gaggawa, wadda ƙwayar Phytophthora ke kawowa. Sanyi da hazo da yayyafi take so, shi ya sa ta fi damun manoman dankalin Turawa da tumatir a tsaunukan Filato. Tabonta babba ne, ba zobe, kamar an zuba wa ganye tafasasshen ruwa. Da sassafe in aka juya bayan ganyen, akan ga farin gashi-gashi a gefen tabon. Kara yakan yi baƙi, ɗan tumatir ya yi tabo mai tauri da maiƙo. Tana iya kashe lambu gaba ɗaya cikin mako ɗaya ko biyu. Ita ce ta lalata dankalin ƙasar Ayilan daga shekarar 1845, yunwar da ta biyo baya ta kashe mutane kusan miliyan ɗaya.

Akwai matsaloli uku da ake yawan ruɗa su da ƙunar ganye. In an ga fari-fari a cikin ganye, aka yage shi aka tarar da 'yar tsutsa, wannan sharon ce, ƙwaron da ya yi ɓarna a gonakin Kano da Kaduna a 2016. In shuka ta yanƙwane gaba ɗaya alhali ganyenta kore ne shar, matsalar a saiwa da cikin kara take. In kuma gindin ɗan tumatir ne ya yi baƙi, ta can ƙasa inda fure ya faɗi, yawanci rashin daidaiton ban-ruwa ne ya hana sinadarin kalsiyam isa wurin.

Mataki na 2: A zaɓi wuri da iri

A nemi wurin da rana ke samu aƙalla awa 6 a yini, musamman ranar safe, wadda ke busar da raɓa. Lungun da ke tsakanin katanga biyu, ko ƙarƙashin indararo inda ruwan rufi ke zuba, bai dace da tumatir ba.

Kada a maimaita tumatir a wuri ɗaya shekara da shekara. Ƙwayar mai zobe tana zama a cikin ragowar ganye da kara da suka ruɓe a ƙasa har shekara ko fiye. A ba wurin hutun shekara 2 zuwa 3, a shuka masara, wake, albasa, kuɓewa ko alayyafo. Dankalin Turawa, gauta, yalo, tattasai da attaruhu duk dangin tumatir ne, ba su ne za a sa a gurbinsa ba. Wanda filinsa ƙarami ne, sai ya yi dashe a buhu ko bokiti mai huda a gindi, ya riƙa sauya ƙasar kowace kaka.

A sayi iri a leda rufaffiya daga mai sayar da kayan gona amintacce. Irin Roma VF da UC82B da aka saba da su suna jure wasu cututtukan ƙasa, amma ba su tsira daga ƙunar ganye ba, don haka kada a saki jiki. Mai ajiye irinsa kuwa ya ɗiba daga lafiyayyen tumatir na lafiyayyar shuka kaɗai. In dashe za a saya, a duba karansa da kyau. Wanda ke da baƙin tabo kusa da ƙasa a bar shi.

Mataki na 3: A yi dashe da tazara

A ɗaga kunya don ruwa kada ya kwanta. A bar santimita 50 zuwa 60 tsakanin shuka da shuka, wato kamu ɗaya da ɗan ƙari, da kusan santimita 90 tsakanin layi da layi. Mutane da yawa sukan cusa shuka ashirin inda goma ya kamata, don kwaɗayin yawa. Cunkoso yana tare iska, ganye ya wuni bai bushe ba, a ƙarshe a rasa duka. Shuka goma masu shan iska sun fi ashirin da suka haɗe kai amfani.

Mataki na 4: A raba ganye da ƙasa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne tasiri, kuma ba ya cin kuɗi. Idan ruwan sama ya daki ƙasa, laka na fantsama ta hau ganyen ƙasa ɗauke da ƙwayar cuta. A duba tumatirin da ba a kula da shi ba bayan ruwa, za a ga bayan ganyensa duk ɗigon laka. Ta nan mai zobe ke yawan shigowa.

Abu uku ake yi. Na ɗaya, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, bunu ko ɓuntun shinkafa a gindin shuka, kaurin yatsu uku zuwa huɗu, amma kada ya taɓa karan. Na biyu, a kafa sanda mai tsawon mita ɗaya da rabi a gefen kowace shuka tun ranar dashe, a riƙa ɗaure karan da tsumma mai laushi yayin da yake girma, ɗauri sakwa-sakwa. Na uku, idan shuka ta kai gwiwa, a fara cire ganyen ƙasa har a samu kusan santimita 30 tsakanin ƙasa da ganyen farko. A kuma rage ƙananan rassan da ke tohowa a hammatar ganye don tsakiyar shuka ta sha iska.

Mataki na 5: A gyara ban-ruwa da taki

A zuba ruwa a gindi, kada a watsa ta sama. A cire kan butar ban-ruwa mai huji-huji, ko a kwantar da tiyo a ƙasa ruwa ya gangara a hankali. Da safe ake bayarwa, don duk abin da ya jiƙe ya bushe kafin dare. Ko a noman rani wannan doka na nan, domin raɓar lokacin sanyi haɗe da ruwan yamma sun isa su tayar da cutar.

Shukar da ke jin yunwa ita mai zobe ta fi kamawa, musamman lokacin da ta ɗauki 'ya'ya da yawa. A sa ruɓaɓɓen takin gargajiya kafin dashe, a ƙara ɗan NPK idan fure ya fara zama 'ya'ya. Amma a yi hattara da yuriya: in ta yi yawa sai ganye ya yi duhu ya cunkushe, laima ta samu wurin zama.

Mataki na 6: A duba kullum, a cire wanda ya kamu

Da damina a zagaya lambu kowace safiya, a sunkuya a duba ganyen ƙasa gaba da baya. Da an ga tabo, a jira raɓa ta bushe sannan a cire ganyen. Taɓa jiƙaƙƙen tumatir yana ɗaukar cutar daga wannan shuka zuwa waccan. A zuba ganyen cikin leda kai tsaye, a ƙone ko a binne da zurfi nesa da lambu, kada a jefa cikin ramin taki. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen shuka a rana ɗaya, don 'ya'yan na buƙatar inuwa. A wanke hannu da sabulu, a tsoma wuƙa ko almakashi cikin ruwan bilic, kashi ɗaya bilic kashi tara ruwa.

In an tabbatar mai gaggawa ce kuma ta kama kara, to ba batun tsinkar ganye. A tuge shukar duka, a sa a buhu, a fitar. A sanar da maƙwabta masu tumatir ko dankali, domin iska na kai ƙwayarta nesa. Manyan 'ya'yan da ba su da tabo a tsinke su su nuna a ɗaki, a riƙa dubawa ana ware wanda ya fara lalacewa.

Mataki na 7: Feshi, idan ya zama dole

Maganin ƙwari ba ya yi wa wannan cuta komai. Mutane da yawa sun yi asarar kuɗi a nan. Abin da za a nema shi ne maganin fumfuna, mai ɗauke da mancozeb ko sinadarin jan ƙarfe. Waɗannan suna lulluɓe lafiyayyen ganye ne su hana ƙwayar shiga, shi ya sa ake fara su da ganin tabon farko, ko tun kafin nan in an shiga makon ruwa babu ƙaƙƙautawa. Akan maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, a kuma sake in ruwa mai ƙarfi ya wanke. Magani mai metalaxyl na mai gaggawa ne, kuma yawan maimaita shi na sa cutar ta daina jin sa.

A bi ma'aunin da ke jikin leda, kada a ƙara don neman ƙarfi. A fesa lokacin da iska ta kwanta, a tabbatar ya samu bayan ganye. A sa takunkumi, safar hannu da riga mai dogon hannu, a nisanta yara da kaji, a yi wanka bayan an gama. Kowane magani yana da kwanakin da ake jira kafin a tsinki tumatir, a rubuce suke a jikinsa. Wannan abinci na iyali ne, kada a yi wasa da kwanakin nan. Wanda karatun ledar ya yi masa wuya, ya kai wa malamin gona ya duba masa.

Mataki na 8: A share lambu bayan girbi

Da an tsinke na ƙarshe, a tuge karan duka, a tsince 'ya'yan da suka zube, a kwashe tsohuwar ciyawar gindi, a ƙone. A wanke sanduna da ruwan bilic, a shanya su a rana kafin a ajiye. Tumatirin da ya tsiro da kansa a bakin magudana ko kan juji a cire shi, don shi ke riƙe cutar har wata kakar. Sannan a rubuta inda aka dasa bana, don baɗi a koma wani gefen.

Tumatirin damina yana yiwuwa a gida, kuma a lokacin ne ya fi daraja, sa'ad da farashinsa a kasuwa ke gagarar mai cefane. Wanda ba zai iya bin matakan nan duka ba, ya riƙe guda uku: ciyawa a gindi, sanda a gefe, da dubawar safe. Su ne suka fi arha, kuma su ne suka fi ceton amfani.