MU'AMALA: HAƘƘIN DA ISTIGFARI KAƊAI BA YA GOGEWA

Darasinmu na wannan fitowa a kan mu'amala ne.

Kalmar daga Larabci take, tushenta ɗaya da "amal", wato aiki. Ma'anarta duk abin da ke shiga tsakanin mutum da mutum: ciniki, bashi, aro, ajiya, aure da maƙwabtaka. Malaman fiƙihu sun kasa hukunce-hukunce gida biyu, ibada da mu'amala. Ko a Risala ta Ibn Abi Zaid, bayan babukan sallah, azumi, zakka da hajji, za ki tarar da na aure da na ciniki.

Laifin da ke tsakaninki da Allah, tuba ta gaskiya tana wanke shi. Amma haƙƙin mutum sai an biya, ko mai shi ya yafe.

Kada ki ce ai ba kya zuwa kasuwa. A garuruwanmu irin su Rawayau, Kurfi da Dutsin-Ma, mace tana cikin ɗakinta tana sayar da ƙuli-ƙuli, man gyaɗa ko fura, tana kuma zubin adashi. Duk mu'amala ce. To, a kula da abu uku:

1. Awo. Sura ta 83, Muɗaffifina, ta buɗe ne da gargaɗi ga masu tauye mudu. Kwanon da kike saye da shi, ki sayar da shi.

2. Bashi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Mu kuwa kunya ke hana mu, sai a ce "haba, tsakaninmu?" Ranar biya a yi ta musu, zumunci ya lalace. Uwar adashi ta samu littafi, ta rubuta zubi da ɗauka. Wadda ba ta iya rubutu ba ta sa ɗanta, a gaban shaidu.

3. Harshe. Abu Huraira (RA) ya ruwaito labarin wata mata mai yawan sallah da azumi, amma tana cutar da maƙwabta da bakinta. Annabi (SAW) ya ce 'yar wuta ce.

'Yar uwa, kafin ki kwanta yau ki tuna: kuɗin wa ke hannunki? Tukunyar wa kika ara ba ki mayar ba? Ki sallami mai haƙƙi tun ana ganin juna. Allah Ya sa mu dace, amin.